Maƙwabcin Sa'a Shida: Haƙƙin Abokin Zama a Jirgin Sama

Duk matafiyin da ya bar Tasawa ya nufi Damagaram bisa babbar hanyar kwalta, ba zai yi nisa ba sai ya ratsa Maijirgi. Sunan garin ya girmi jirgin sama, domin yana cikin takardun Faransawa tun 1899, shekara huɗu kafin ƴan'uwan nan biyu, su Wright, su ɗaga na'urarsu daga ƙasa a Amurka. Ita kuwa kalmar jirgi, a ruwa Bahaushe ya fara saninta. Da dogo ya iso Kano a 1911 ya ara wa abin da ke gudu a kansa wannan suna, da jiragen sojan Ingila uku suka sauka Kano a 1925 sai ya ƙara mata sama. A ganina akwai hikima cikin haɗa abubuwan nan uku a kalma guda. Dukkansu mazubi ne da ake zuba mutane a ciki a rufe, ba mai fita sai an isa inda aka ce za a tsaya. A motar haya, in abokin zama ya ishe ka, kana iya buga ƙofa ka ce a sauke ka. A jirgi kuwa, musamman na sama, wanda aka ajiye a gefenka ya zama rabonka har sai ƙafa ta taɓa ƙasa.

Mafi yawan mutanen karkarar Tasawa da Mayahi da suka taɓa shiga jirgin sama, aikin hajji ne ya shigar da su, kuma sau ɗaya ne a rayuwa. Kason da Saudiyya ta ware wa Nijar a 2023 ya kusa kujera 16,000. Maniyyacin da ya fito daga Maijirgi, in ta Yamai zai tashi, sai ya fara shafe kimanin kilomita 800 a mota, ya yi zaman jiran jirgi, kana ya shiga tafiyar sa'a biyar zuwa shida da za ta kai shi Jidda ko Madina. Kakanninsa a ƙasa suka yi wannan tafiya, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, suna tafe suna noma suna ƙodago, wasu shekara uku, wasu bakwai, wasu kuma suka yi zamansu a Sudan, inda jikokinsu suke har gobe. Tafiya irin wannan ba ta yiwuwa sai da tsari. Ayarin fatake yana da madugu, yana da jagaba, yana da uban dawaki, kuma kowa ya san wanda ya cuci abokin tafiyarsa yau a zango, gobe zai nemi wanda zai kama masa jaki ya rasa. Buƙata ce ta ɗaure su, tsawon hanya kuma ya mai da baƙi ƴan'uwa.

Jirgin sama ya yanke tsawon hanya, ya kuma yanke wannan igiya tare da shi. Ya ba ka maƙwabci wanda kafaɗarsa ke gugar taka, kusancin da ko ɗan'uwanka na jini ba ya samu a zaure, amma maƙwabcin na sa'a shida ne, ba ka san sunansa ba, ba ka san gidan su ba, kuma da wuya ku sake haɗuwa. Abin tambaya shi ne: mene ne haƙƙin irin wannan mutum a kanka, kuma me ya kamata ka yi in shi bai san naka ba?

Tarbiyyar Bahaushe, in muka faɗi gaskiya, ta jingina ƙwarai da idon jama'a. Baturen nan Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa kunya cikin siffofin da Hausawa ke auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri da ladabi da sauransu. To amma kunya, kunyar wa? Yaro ba ya miƙe ƙafa gaban surukin yayansa domin labari zai kai gida. Dattijo ba ya ɗaga murya a kasuwar garinsu domin gobe shi za a kira ya ɗaura aure. Cire wannan ido, ka ga abin da zai saura. Aflatun ya taɓa kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zoben da ke ɓoye shi daga ganin mutane, irin abin da mu za mu kira layar zana, ya kuma tambaya ko akwai adalin da zai riƙe adalcinsa in ya samu irin wannan zobe. Mutanen Maijirgi ba sa buƙatar Bagirke ya kawo musu misali. A garinsu kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa biyu waɗanda, da suka yi nisa da idon da ya san su, suka bi ƙasar Hausa da ƙone-ƙone da kisa, suka yi wa Birnin Ƙonni abin da har yau ba a manta ba, kafin sojojinsu su juya musu baki cikin Yulin 1899. Ba ina haɗa mai danne gwiwar wani da waɗannan ba; tsakaninsu akwai tazarar sama da ƙasa. Tushen dai guda ne, wato mutum ya ji cewa ya iso wurin da ba a san shi ba, don haka ba a bin sa bashin mutunci. Tikitin jirgi ƙaramar layar zana ce, mai aiki na ƴan sa'o'i.

Sai dai kafin a ɗora wa fasinja dukkan laifi, ya kamata a dubi ɗakin da aka zuba shi. Iskar cikin jirgi ana matse ta ne daidai da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, saboda haka jini ba ya samun iskar da ya saba samu a ƙasa. Danshinta sau da yawa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, bushewa irin ta tsakiyar hunturu, mai busar da maƙogwaro da ido. Ga ƙarar inji da ba ta tsagaitawa, ga rashin barci, ga tsoron da da yawa ke ɓoyewa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa zaman da ya wuce sa'a huɗu ba motsi yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Wanda ke yawan tashi yana takawa, yana damun na bakin layi, wataƙila ya fi mu bin shawarar likita. Yawan shan ruwa, da tashi lokaci-lokaci, da sa tufa mai sakewa, su ne rabin jin daɗin tafiya. Kowannensu kuwa yana bi ta kan maƙwabci, domin wanda ya sha ruwa zai nemi makewayi, wanda zai je makewayi kuma sai an ba shi hanya.

Sannan ga ƙunci. A jiragen Amurka na shekarun 1970, tazarar da ke tsakanin kujera da ta gabanta ta kusa santimita 90. Yau a yawancin jirage tana tsakanin 76 da 81, a wasu masu araha ma 71 ce. Jikin ɗan Adam bai ragu ba. A layin kujera uku akwai hannuwa shida, madogaran hannu kuwa huɗu ne. Wanda ya tsara wannan lissafi ya san sarai za a yi gardama, amma shi ba ya cikin jirgin. Babban abin shi ne ɗan filin nan da ke bayan kowace kujera. Kamfani ya sa wa na gaba maɓallin kwantar da kujerarsa, ya kuma sa wa na baya teburin cin abinci da wurin gwiwa a daidai wannan wuri. Gona ɗaya ce aka sayar wa mutum biyu, kowa da takardarsa a hannu. A watan Agusta na 2014, wani jirgin United Airlines da ya tashi daga Newark zuwa Denver sai da ya sauka Chicago ba shiri, saboda wani fasinja ya maƙala wa kujerar gabansa wata ƴar na'ura da ke hana ta kwantawa, matar da ke kai kuma ta watsa masa ruwa. Hausawa sun ce inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa; ga shi an yi ta a inda babu ƙasar da gaske.

Manomin ƙasar Maraɗi ya san irin wannan matsala fiye da lauyan kamfani. Ya san iyakar gona da ake dasa wa gamba, ya kuma san burtali, hanyar da aka bari tsakanin gonaki domin dabbobi su wuce. Burtali ba na manomi ba ne, ba kuma na makiyayi shi kaɗai ba. Amfaninsa yana ɗorewa muddin kowa ya ɗauke shi a matsayin wurin da ake ratsawa da lura. Ranar da manomi ya shuke shi, ko makiyayi ya sake garke ya bazu, ranar ake kwana a gaban hakimi. Filin bayan kujera burtali ne. Tambayar wa ke da iko da shi ba ta da amsa, domin duka biyun suna da shi. Abin da ke da amsa shi ne yadda za a shige shi. Wanda ya waiwaya ya ce, "Malam, zan ɗan kwantar da kujera, ko zai takura maka?" ya yi abin da muke yi kullum a ƙofar gidan mutane, wato sallama. Santimitocin da zai ci ba su ragu ba, amma na baya ya tashi daga matsayin kayan da aka danne ya koma mutumin da aka nemi izininsa. Galibin abin da ke ƙona rai a jirgi ba ciwon gwiwa ba ne. Jin cewa an yi kamar ba ka nan ne. Kuma wanda aka nemi izininsa da wuya ya hana, sai dai ya ce a bari ya gama cin abinci.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya bambance, domin mun cika zuba duk mai damunmu a kwando ɗaya. Ɗauki tsohon da ya fito daga ƙauye, bai taɓa ganin makewayin jirgi ba. Lokacin salla ya yi, ya shiga ya yi alwala kamar yadda ya saba a bakin rijiya, ya bar wurin jage-jage da ruwa. Ko ya zauna a kujerar da ba tasa ba, domin lambar da ke jikin tikitin ba ta ce masa komai ba, kuma a duniyar da ya sani babba ba ya tsayawa yaro na zaune. Ƴan boko da ƴan kasuwa masu yawan tafiya sukan yi tsaki, su kau da kai, wani har ya ce irin waɗannan ne ke zubar mana da mutunci. Ni kuwa ina ganin mutuncin da ya zube na mai tsakin ne. Baƙo ko da ido makaho ne. Tsohon nan ya fi kowa a jirgin kiyaye haƙƙin maƙwabci bisa dokar da ya sani; ba zai buɗe ƙullin dabinonsa ba tare da ya miƙa maka ba. Abin da ya rasa bayani ne, kuma bayanin bai fi minti ɗaya ba: "Baba, ga yadda ake buɗe ruwan, kaɗan ake zubawa, in an gama a goge." Malamai sun daɗe da bayyana sauƙin da aka yi wa matafiyi, na ƙasaru da haɗa salloli da taimama in ruwa ya gagara. Bitar da ake yi wa maniyyata kafin tashi ta fi mai da hankali ga ɗawafi da jifa, alhali sa'o'in cikin jirgi su ne farkon jarrabawar wanda aka hana shi jayayya da alfasha a wannan tafiya.

Haka nan jaririn da ke tsala kuka lokacin da jirgi ke gangarowa. Kunnensa ne ke ciwo saboda sauyin matsin iska, kuma bai san ya haɗiyi yawu ko ya yi hamma kamar babba ba. Shi ya sa ake ce wa uwa ta ba shi nono a wannan lokaci. Hararar uwar ba ta rage kukan, sai dai ta ƙara mata nauyi. Mai jiki da ya cika kujerarsa ya tsallako taka, shi ma ba shi ya auna faɗin kujerar ba.

Wanda ya cancanci sunan marar ɗa'a shi ne wanda ya sani sarai amma bai damu ba, kuma sau da yawa ba daga ƙauye yake fitowa ba. Shi ne mai cika ma'ajiyar sama da jakunkuna uku ya bar na bayansa riƙe da tasu, mai buɗe sautin wayarsa kamar yana shagonsa, mai yi wa ma'aikaciyar jirgi tsawa da "kin san ko ni wane ne?" Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a 2022 an samu rahoton rashin ɗa'a sau ɗaya cikin kowace tafiya 568, alhali a 2021 sau ɗaya ne cikin 835. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun ga nasu a Agustan 2025, cikin mako guda: wani shahararren mawaƙi ya tsaya gaban jirgi a filin Abuja yana hana shi tafiya, wata matashiya kuma ta yi rigima da ma'aikatan jirgin da ya kawo ta Legas daga Uyo. Ita ta kwana gidan kaso na Kirikiri, shi bai kwana ba, kuma wannan bambanci ya fi laifin kansa tayar da ƙura kafin hukuma ta sassauta wa duka biyun. Jirgi, da labulensa da ke raba masu kuɗi da talakawa, ba ya shafe matsayi. Yakan ƙara fito da shi fili, kuma wanda ya saba a ba shi hanya a ƙasa yakan ɗauka har sama a ba shi.

To me za ka yi da irin wannan? Amsar da ke bakin kowa ita ce haƙuri, maganin zaman duniya. Ban ƙi ba, amma haƙuri iri biyu ne, kuma mun cika kiran na banza da sunan na kirki. Akwai wanda zai haɗiye, ya yi ta ƙuna a ciki har sa'a shida, yana tsaki ƙasa-ƙasa, yana zungurar bayan kujera da gwiwa kamar bisa kuskure, ya sauka da ƙullin da zai juye kan direban tasi ko matarsa. Wannan tsoron magana ne da aka yi wa rawani. Haƙurin gaske shi ne ka mallaki fushinka har ka iya faɗin abin da ke damunka da muryar da ba za ta tilasta wa ɗayan kare girmansa ba. Mutum yana iya janye gwiwar hannunsa in an roƙe shi a hankali. In aka kunyata shi gaban jama'a, sai ya kafe, ko da ya san shi ne da laifi, domin yanzu ba madogarar hannu yake karewa ba. Saboda haka magana ta farko a yi ta ƙasa-ƙasa, a ba shi mafita, a ɗauka bai lura ba ko da ana zaton ya lura. "Alhaji, a taimaka a rage sautin, kaina ke ciwo" ta fi "ba ka da hankali ne?" saurin kawo shiru, kuma ba ƙarya aka yi ba.

In ya ƙi, jirgi ma yana da madugunsa. Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba matuƙin jirgi ikon sa a tsare fasinjan da ke barazana ga tsaro ko tsari, ya kuma sauke shi. Gyaran da aka yi mata a Montreal a 2014, wanda ya ba ƙasar da jirgi ya sauka ikon hukunta mai laifin, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, bayan Nijeriya ta zama ƙasa ta 22 da ta amince da shi. Kai ƙara ga ma'aikacin jirgi ba ragwanci ba ne, kamar yadda zuwa wurin mai unguwa bai taɓa zama ragwanci ba. Kuma akwai inda shiru kansa laifi ne. In abin ya tsaya kan jin daɗinka, kana da damar yafewa. In ka ga ana cin zarafin tsohuwa, ko ana matsa wa yarinyar da ke tafiya ita kaɗai, ko wani yana kunna taba a makewayi, ba naka ba ne balle ka yafe. Hadisin nan da Buhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir ya buga misali da mutanen da suka rabu sama da ƙasa a jirgin ruwa, na ƙasa suka so huda wurinsu don su ɗebi ruwa ba tare da damun na sama ba; in aka ƙyale su kowa ya nutse. Abin lura a misalin shi ne masu hudar ba mugunta suka nufa ba, har cewa suke suna sauƙaƙa wa wasu. Wurin zamansu ne kawai suka ɗauka mallakarsu ce su kaɗai.

Addinin da yawancinmu ke bi bai bar maƙwabcin sa'a shida ba suna ba. A aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, inda aka jero waɗanda ake kyautata wa, bayan iyaye da dangi da marayu da maƙwabci na kusa da na nesa, an ambaci abokin da ke gefenka, kuma manyan masu tafsiri na farko da dama sun fassara shi da abokin tafiya. Ba a gindaya sharaɗin ka san shi ba, ko ku sake haɗuwa, ko ya fara kyautata maka. Zamansa a gefenka shi ne dukkan hujjarsa. Wannan ya fi kunyar ido zurfi, domin yana aiki ko a inda ba wanda zai kai labari gida. Na tsakiya, wanda ba shi da taga ba shi da hanya, a bar masa madogaran nan biyu. Ba doka ce ta ce ba, lissafin adalci ne kawai.

Wurin da halinmu ya fi fitowa shi ne sauka. Tayar jirgi ba ta gama tsayawa ba an miƙe, ana fizgo jakunkuna bisa kawunan mutane, ana turereniya zuwa ƙofar da ba a buɗe ba, alhali duk za a sake haɗuwa a wurin jiran kaya. Ana iya ɗaukar wannan abin dariya, sai an tuna cewa ƙa'idar ƙera jirage ita ce a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofin. Ranar 2 ga Janairun 2024 wani jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo, wuta ta kama shi. Mutum 379 ke ciki, ƙofofi uku kacal cikin takwas suka buɗu, ma'aikata suka ce a bar kaya, fasinjoji suka bari. Jirgin ya ƙone ƙurmus, kuma duka 379 sun fita da ransu.